Wasan da Na Yanke a Gaban Alƙali

Ban taɓa son taubashiyata ba, kuma yanzu da tsufa ya zo ba zan fara ƙarya a takarda ba. Mutane kam sun so ta. Har yau idan tsofaffin Gusau suka zauna hirar 'yan wasan da suka gani da idonsu, ita suke fara ambata, wani ma har yana share ƙwallar dariya da bakin riga. Ni da an fara wannan hirar nake neman takalmina.

'Yar gwaggona ce, ƙanwar mahaifina ta haife ta, na girme ta da shekara biyu. Ɗan namiji da 'yar mace ke nan, wato taubasai, kuma kowa ya san akwai wasa a tsakaninsu tun daga goyo har kabari. Ta zage ka, ka yi dariya. Ta fizge maka hula a gaban surukanka, ka yi dariya. Ba a fushi, ba a kai ƙara, wanda ya ɓata rai shi ne mai laifi. An ce don zumunci ya yi ƙarfi aka yi haka, kuma wataƙila a wasu gidajen yana yi. A namu gidan dai ni aka ɗaure wa hannu, ita aka sake ta.

Ƙauyenmu yana yamma da Bungudu, ba shi da girma, masallaci ɗaya gare mu. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara tara, sai gwaggo ta ɗauke ni, limamin gari kuma ya ɗauki karatuna. Kwano ɗaya muka ci da yarinyar nan, don haka na san ta tun kafin duniya ta san ta. Ba ta da kyau, ba ta da murya, ga baki kamar na tulu. Abin da Allah ya ba ta ido ne. Za ta kalli mutum sau ɗaya yana tsallake kwata, gobe ta tsallake maka ita yadda ko uwarsa za ta rantse shi ne. Tana ƙarama ta yi kaza mai neman wurin ƙwai, ta yi makaho mai faɗa da ɗan jagoransa, ta yi mijin gwaggo yana neman carbinsa alhali yana wuyansa. Ana dariya, ana cewa Allah ya shirye ta, ba wanda ya taɓa ɗaukar tsumagiya. Aurenta na fari ma a kan haka ya mutu, surukinta ya shigo ya tarar tana yi wa matan gidan yadda yake shan fura.

Bayan ta gama idda sai ta bi 'yan kama, masu yawon kasuwa-kasuwa suna ba mutane dariya da kiɗa da kwaikwayo. Su huɗu ne maza, ita kaɗai ce mace. Gwaggo ta yi kuka kwana biyu, a rana ta uku aka kawo mata turmin zane da ƙwaryar goro daga kasuwar Bungudu, kukan ya tsaya. Kafin shekara ta zagayo mazan nan huɗu sun koma masu riƙe mata kaya.

Ni kuwa a lokacin abu ɗaya ke gabana. Liman ya tsufa, idonsa ya fara rufewa, ƙafa ta ƙi, ba shi da ɗa namiji da ya yi karatu. Ni ne na sauke a hannunsa, ni na karanta littattafan da ke cikin gafakarsa duka, ni nake rubuta wa mutanen gari wasiƙa, ni nake tsayawa gaba duk ranar da ciwo ya hana shi fita. Ban ɓoye ba, ina son limancin nan. Tun ina yaro nake kallon buzun da ke gaban sahu ina cewa a raina wata rana nawa ne. Akwai wani mutumin Karakkai da ya zauna a garinmu, mai kiwon shanun noma, shi ma yana ɗan taɓa karatu, amma ko a mafarki ban ɗauke shi abokin takara ba. Karatunsa a hankali yake kamar mai tafiya a cikin laka, kuma yana haɗiye harufa.

Yadda taubashiyata take aiki shi ne abin da na fi tsana, domin ba hauka ba ne, dabara ce. Ba ta taɓa faɗin sunan wanda take yi. A wasanta ba ta taɓa karatu, ba ta taɓa salla, don haka malamai ba su da inda za su kama ta. Idan ta zaɓi mutum sai ta zo gidansa da tsaraba, ta zauna ta yi shiru kamar mutuniyar kirki, ta taya matan gida surfe, idonta yana kansa. Haka ta yi mini. Wata shekara da kaka ta zo da rake da ƙuli-ƙuli, ta kwana uku a ɗakin matata, tana ce mini angona kamar yadda ta saba tun muna yara. Da za ta tafi ta zare tsohuwar rigata daga kan igiya ta saɓa a kafaɗa. Matata ta ce a bar ta, ai taubashiya ce, abin da ta ɗauka ya zama nata. Na bar ta, har ina jin daɗin cewa na nuna haƙuri.

Ban san abin da aka yi da rigar ba sai da na je Tsafe aron wani littafi wurin wani malami. Ban taɓa taka garin ba. Ranar kasuwa ce, na sauka daga jaki, na tsaya gaban wata mai daddawa zan tambaye ta hanya. Na gyara murya. Matar ta ɗago ta dube ni, ta dubi hannuna, sai ta kife fuska a kan faifanta kafaɗunta suna rawa. Ta kira ta kusa da ita.

"Ke, taho ki gani. Wallahi shi na. Ga ya nan da ranshi."

Kafin in ankara an kewaye ni, mahauta, masu gishiri, Fulani masu nono, mutanen da ban taɓa gani ba, duk suna kallona kamar sun san ni tun haihuwa. Wani ya ce, "Malam, ina akuyar?" Wuri ya kece da dariya. Na ɗaga yatsa zan yi musu nasiha a kan wulaƙanta baƙo, na ce, "To, amma fa," sai wani tsoho ya zauna a ƙasa daɓas yana riƙe da ciki. Ban karɓo littafin ba. Na juya jakina na kama hanya, yara suna bina har bakin gari, kowanne ya kama gefen rigarsa da yatsa biyu.

A hanya ne na dubi hannuna, na ga ni ma yatsa biyu na sa na ɗage gefen rigata, a kan jaki, a busasshiyar ƙasa. Ashe haka nake tafiya kullum, kamar mai haye gulbi. Ashe ba na fara magana sai na gyara murya sau biyu. Shekara talatin ina cikin jikin nan ban sani ba, ita ta sani, ta kwashe ta kai kasuwa. Maganar akuya kuwa gaskiya ce. Wata rana na rubuta wa wani wasiƙa na shanya tawada ta bushe, akuyar maƙwabta ta cinye rabi, kuma an ce wai na tsaya ina yi mata bayanin haƙƙin maƙwabtaka maimakon in kore ta. Ban tuna na yi haka ba. Matata ta ce na yi.

Na je wurin gwaggo da maganar. Na same ta tana kaɗi a ƙofar ɗaki, na tsuguna na gaya mata duk abin da ya faru a Tsafe. Tana saurare tana cije leɓe, mazarin yana rawa a hannunta.

"To mi kaka so in yi mata?" ta ce. "Taubashiyakka ta. Kai ma rama mana."

"Gwaggo, da mi zan rama? Ni malami na. Limanci nika nema."

"Wasa bai hana limanci. Ubanka da taubashinai har cikin rijiya sunka jefa juna, bai hana a yi mai salla da mutum ɗari ba. Tashi ka sha hura."

Na tashi ban sha ba. Ina zaure na ji ta saki dariyar da take riƙewa.

Sai na ce bari in gyara kaina, in ta rasa abin kamawa ta bar ni. Na daina taɓa gefen riga, na riƙa tafiya hannuwa a manne da cinya. Na daina gyaran murya, sai in haɗiye yawu in fara magana a shaƙe. Wata biyu ina wannan azaba, rigunana duk suka yi baƙi a ƙasa. Ta zo gari suna, ta kalle ni daga nesa sau ɗaya tak. Kasuwar Bungudu ta gaba sai ga sabon wasa: malamin da ke kokawa da hannunsa kada ya taɓa riga, hannun yana zillewa, shi yana bugunsa. Waɗanda suka gani sun ce ya fi na akuya.

Abin da nake tsoro ya faru a wata sallar azahar. Liman yana kwance, na shiga gaba. Na yi kabbara lafiya, na yi karatuna a ɓoye lafiya. Da zan yi ruku'u hannuna ya tafi da kansa ya ɗage riga da yatsa biyu. Na ji wani a sahu na biyu ya yi wani irin tari, na kusa da shi ya kama, sai wani saurayi ya fashe gaba ɗaya. Na idar da sallar gumi yana bin bayana. Mutum uku suka sake salla ranar. Dattawa sun yi wa samarin faɗa sosai, amma ina kallon wani daga cikin masu faɗan yana tura gemu cikin baki. Na koma gida na kasa cin tuwo. Na ce a raina ta gama da ni, wa zai ba limanci ga wanda ake dariya a bayansa.

Liman ya ji labari, ya aiko a kira ni. Na ƙi zuwa don kunya, na ce a gaya masa zazzaɓi nake. Ya sake aikowa bayan kwana uku, na sake ƙi. Na rubuta wannan ne don kada a ce na ɓoye nawa.

Shekarun nan ne ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, garin ya cika da leburori da 'yan kwangila da masu abinci daga ko'ina. Nan taubashiyar tawa ta tare, don nan taro yake. Bayan an tsinke auduga na ɗora tawa a jaki na kai Gusau, ban je don ita ba. Na sauke kaya ke nan da hantsi na ji kalangu da hayaniya a wani fili kusa da inda ake jibge ƙarafunan hanya. Ƙafata ce ta kai ni.

An yi da'ira, mutane sun fi na idi a garinmu. A gefe ga wani Bature da jar fuska ya kafa wani akwati a kan ƙafafu uku, ya manna ido a jikinsa, yana juya wani hannu kamar mai niƙa. A tsakiya kuwa ga ni. Rigata ce, da facin da matata ta yi mata a kafaɗa. Ta naɗa tsumma a ka, ta manna gemun auduga da ƙaro, ta cusa wani abu a ciki don ya yi tumbi, alhali ni ba ni da tumbi. Ta taho a hankali, yatsa biyu a gefen riga, tana ɗaga ƙafa tana duban ƙasa kamar ƙasar ba ta yi wanka ba. Ɗaya daga cikin mazan ya rarrafo da fatar akuya a baya, takarda a baki. Ta tsaya. Ta gyara murya sau biyu. Ta ɗaga yatsa. Ba ta ce komai ba tukuna, amma fili ya riga ya rushe.

Zan faɗi gaskiya ko da tana mini ɗaci: ta iya. Ba rigar ba ce, ba gemun ba ne. Akwai wani kallo da ta yi wa akuyar, kallon mutumin da ya tabbata ya fi kowa sani kuma yana tausayin sauran halitta, wanda ban taɓa ganinsa ba amma na gane shi nan take, daga ciki. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakar kasuwa. Leburorin da ko Hausa ba su ji sosai suna faɗuwa kan juna. Baturen ma akwatinsa yana girgiza.

Na tambayi wani mai gajeren wando da ke tsaye kusa da Baturen, tafintansa ne, na ce mene ne wannan akwati. Ya ce hoto yake ɗauka mai motsi, za a kai ƙasarsu a haska a jikin farin ƙyalle, mutane su zauna su kalla, ko bayan shekara hamsin. Na ce da magana? Ya ce babu magana, motsi kawai. Wato tafiyata za ta haye teku ba tare da ni ba, ta je gaban mutanen da ba su san taubashi ba, ba su san wasa ba ne, su ce haka malaman ƙasar nan suke. Ina kabari ma ana ɗage riga da yatsa biyu.

Na same ta bayan wata rumfa tana ɓamɓare gemun, tana shan ruwa a buta. Ta gan ni ba ta ko razana ba.

"A'a, angona. Yaushe kaz zaka? Da ka hwaɗa mani da na sa an ba ka tabarma gaba."

"Ki tuɓe mani rigata."

"Rigakka? Wagga ai tawa ta, shekara guda ke nan. Ita ka ci da ni."

"Kin san an yi dariya bayana cikin salla? Kin san abin da kika shirin raba ni da shi?"

Ta ajiye butar, ta dube ni, kuma na rantse ko a lokacin nazarina take yi.

"Ka ji na hwaɗi sunanka? Ka ji na taɓa salla? Ni malami niy yi da akuya. In kai ka ga kanka ciki, mi nawa? Wasa na, taubashi. Da ka yi dariya sau guda da tuni an manta da kai, na koma kan wani. Kai ka ba ni abinci da wannan huskar taka."

Ta juya ta ci gaba da cire gemu. Da namiji ce da na mare ta.

Ban koma gida ba, Bungudu na wuce kai tsaye, na shigar da ƙara gaban alƙali. Ban shawarci gwaggo ba, ban shawarci liman ba, ban ko gaya wa matata ba. A raina na ce idan hukuma ta hana ta, gari zai ga cewa ni mutum ne mai kare mutuncinsa, wanda ya isa a tsaya a bayansa. Haka na lissafa, kuma har na kwana ina jin daɗin lissafin.

Ranar zama zauren ya cika har waje, don labari ya bazu cewa za a yi shari'ar malam da mai akuya. Ta zo da lulluɓi, ta zauna can gefe, gwaggo tana bayanta. Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana. Na gyara murya, na ji zauren ya motsa, na daure na karanto ƙarata, da hujjoji daga littafi a kan izgili da cin naman ɗan'uwa. Ya bari na gama.

"Ta ambaci sunanka?"

"A'a, Allah gafarta."

"Ta yi wasa da karatu ko da salla?"

"A'a."

"Mi take gare ka?"

Na tsaya ina juya takardar ƙarata. Wani daga waje ya amsa mini: "Ɗiyar gwaggonai ta." Aka yi guna-guni, wasu suna dariya, wasu suna salati. Alƙali ya rufe littafin da ke gabansa.

"Malam, wagga magana ba ta nan ba ta. Ta gida ta. Tsakaninku akwai wasa, ni ban iya shiga inda iyayenku sunka buɗe. Ku tashi ku tai."

Da na tashi a nan da wataƙila komai ya tsaya a abin dariya. Amma jinina ya riga ya hau. Na miƙe na juya ga jama'a na ce su zama shaida, daga yau na yanke wasan da ke tsakanina da matar nan, ba ni da taubashiya, ita ba ta da taubashi, duk abin da ta ƙara yi mini na baƙuwa ne kuma zan bi haƙƙina. Ban taɓa jin wani ya faɗi irin wannan magana ba, kuma daga fuskokinsu na gane su ma ba su taɓa ji ba. Na ji gwaggo ta ce innalillahi a hankali.

Alƙali ya dubi inda take zaune ya ce, "Kin ji?"

"Na ji, Allah gafarta," ta ce. Muryarta ba wasa a ciki, ban san tana da irin wannan muryar ba. "Tunda ya yanke, na bari."

Ta sa hannu cikin lulluɓi ta fito da rigar a ninke, wankakkiya, ta miƙa wa dogari ya ajiye a gabana. Ta kama hannun uwarta suka fita. Na ɗauki rigata na fito ina ganin na ci nasara, sai dai na lura ba wanda ya matso ya ba ni hannu.

Ta cika alkawari, wannan ma ba zan hana ta ba. Ba ta sake yin malam da akuya ba ko sau ɗaya. Ta koma kan wasu: tafinta mai ƙara gishiri, ɗan kwangila mai kirga leburori, har Baturen akwati da kansa, kuma an ce waɗannan sun fi nawa kawo mata taro. Da jirgi ya fara tafiya ta riƙa binsa gari-gari, sunanta ya kai inda ni ban taɓa zuwa ba. Ban rage ta da komai ba.

Kwana tara bayan shari'ar liman ya sake aikowa. Wannan karon na je, da sabuwar riga, ina tsammanin albishir. Na same shi kwance a kan buzu a zaurensa, dattawan gari uku suna zaune. Na gaishe shi, ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Sau biyu ina aika maka," ya ce. "Ka san mi za ni hwaɗa maka? Mun zamna da waɗanga tun ranar da anka yi dariyan nan. Munka ce yaro ya idar da sallatai ana dariya bayanai bai juyo ba, bai zagi kowa ba, wanga ya isa. Kai munka zaɓa. Shi na niy yi ta kiranka."

Na buɗe baki, ya matse hannuna.

"Dariya ba ta hana limanci. Ni ma an yi mani, ina da in'ina ina yaro. Amma liman shi ka shiga tsakanin wa da ƙane, shi ka hana a yanke zumunta. Kai ka tai gaban alƙali ka yanke taka da bakinka, gaban matar da ta goye ka. Gobe in mutum biyu sun zaka da rigima, mi za ka ce musu? Karatu kam ka fi kowa. Amma mun ba mutumin Karakkai."

Na ce, "To, amma fa," sai na ji abin da na faɗa, na haɗiye sauran. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

Ranar da aka naɗa wa mutumin Karakkai rawani gari ya taru a ƙofar masallaci da hantsi. Na je, don rashin zuwa ya fi zuwa muni. Ina zaune a gefen tabarma sai ga ta, ta zo daga Gusau duba gwaggo, wadda tun ranar shari'a ba ta ƙara amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. Dole ta wuce ta gabanmu. Na ga mutane suna gyara zama, suna jiran abin da za ta yi, ni ma na ɗaure ciki ina jira. Wallahi a wannan lokacin da ta fizge mini hula ta ce angona an sha ƙasa, da na yi dariya, da na yi da gaske, gari ya gani.

Ta cire takalmi tun daga nesa. Ta durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu, ta sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa baƙon malami.

"Allah gafarta Malam. An wuni lahiya? Ya iyali?"

Na ce lafiya lau. Ta ce madalla, ta tashi, ta ɗauki takalminta ta wuce. Na dubi fuskarta ina neman ko ɗan motsin leɓe, ko ƙyaftawar ido, wani abu da zai nuna wannan ma kwaikwayo ne. Babu. Dattijon da ke kusa da ni ya kau da kai.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina salla a sahun farko bayan mutumin Karakkai, ina jin yana haɗiye harufa, ba ni da bakin gyara masa. Ita kuma shekara talatin da ɗoriya duk inda muka haɗu, suna ko biki ko zaman makoki, haka take cire takalmi ta durƙusa. Sau ɗaya, a zaman makokin gwaggo, na gwada. Na ce mata, "Ke mai bakin tulu, har yanzu ba ki mutu ba?" Maganar ta fito mini a karkace, don ban saba ba. Ta dube ni da ladabi ta ce, "Da sauran kwana, Allah gafarta Malam," ta ja lulluɓinta ta koma cikin mata.

Masu cewa tana da kirki su je su yi ta cewa. Ni na san muguntar da ke cikin wannan durƙuson, kuma ban yafe ba. Ta rasu a Gusau da damina, aka aiko mini, na ce ƙafata tana ciwo. Ƙafar tana ciwo da gaske, amma da na so da na hau mota.